MTI, Rariyar Dofla ko CFAR: Wanne Za Ka Ɗora wa Radarka a Kaduna?

Ranar wata Asabar cikin watan Agusta wani ɗalibina da ke zaune a Tudun Wada ya kira ni, ya ce na'urarsa ta haukace. Aikin kammala karatunsa ke nan, ƙaramar rada da za ta gane mutum idan ya tsallako harabar gida da dare. Da na isa na tarar ya manna ɗan guntun rada mai suna HB100, wanda girmansa bai fi akwatin ashana ba, a jikin kwali, ya ja waya ta bi ta amfilifaya zuwa kwamfutarsa. Mu biyu ne kawai a ɗakin, muna zaune ko yatsa ba ma ɗagawa, amma layin da ke kan allo sai tsalle yake yi.

"Malam, ka gani ko? Wai akwai mai tafiya."

Na ce ya kashe fankar sama. Tsallen ya ragu. Na ce ya kashe doguwar fitilar gilashi da ke jikin bango. Layin ya kwanta luf. Ya yi murmushi, ya ɗauki kwalin ya juya shi wajen taga, inda ruwa ke zuba daga indararo, bishiyar mangwaron maƙwabta tana rausaya. Nan take tsallen ya dawo, har ya fi na da.

Na'urar lafiyarta ƙalau. Rada igiyar rediyo take harbawa ta saurari amsa-kuwwa, kuma duk abin da igiyar ta bugi jikinsa sai ya amsa, ko shi ake nema ko ba shi ba. Amsa-kuwwar da ba a nema, ita nake kira tarkace. Abin da ke matsowa ko nesantawa yana sauya yawan kaɗawar igiyar da ta dawo, wato tasirin Dofla, wanda Christian Doppler ya bayyana a 1842. Da haz ake auna kaɗawar: haz ɗaya kaɗawa ɗaya ce a sakan, megahaz miliyan, gigahaz biliyan. HB100 tana aiki a gigahaz 10.525, don haka gudun mita ɗaya a sakan yana ba da sauyin kusan haz 70. Mutum mai tafiyar ƙafa yakan faɗo wajen haz 100. Ita kuwa doguwar fitila, da yake wutar ƙasar nan haz 50 ce, iskar da ke cikinta tana kunnuwa tana mutuwa sau 100 a sakan. A kunnen radar, fitilar da ɓarawo muryarsu ɗaya.

Ya nuna mini takardarsa, ya rubuta sunayen dabaru uku na magance tarkace da ya tsinto a littattafai: MTI mai share abin da ba ya motsi, MTD mai tankaɗe amsa-kuwwa bisa ga gudu, da CFAR mai kafa shingen ƙararrawa. Yana so in zaɓar masa ɗaya. Tambayar nan na sha jin ta daga ɗaliban injiniya a garin nan, da waɗanda ke shirin aikin kula da na'urorin filin jirgi, masu hangen kwalejin jiragen sama ta Zariya ko AFIT, cibiyar fasaha ta sojojin sama. Amsata ba ta sauyawa: ka fara sanin tarkacenka, tsaye yake ko tafiya yake yi. Daga nan zaɓin yake fitowa.

Tarkacen Kaduna kashi biyu ne. Akwai na tsaye: rufin kwano da ya shimfiɗu daga Kawo har Kakuri, turakun sadarwa, tankunan ruwa, da duwatsu irin na Kajuru ko Kufena a Zariya. Wannan yana da ƙarfi ƙwarai, yana iya fin amsar ƙaramin jirgi sau dubu goma ko fiye, amma yana nan inda ka bar shi jiya. Akwai kuma mai tafiya: hadarin damina da ke tasowa daga gabas da iska a gabansa, garken balbela, shirwa mai shawagi, motocin hanyar Abuja da ta Zariya, jirgin ƙasa mai shiga Rigasa. Mutane kan zaci ƙurar hunturu ce babbar matsala, saboda ita ke rufe ido har a soke tashin jirage. Ƙwayoyinta sun yi ƙanƙanta da yawa, igiya mai tsawon zango (tazarar da ke tsakanin tudu da tudu na igiyar) santimita 10 wucewa take yi ta cikinsu kusan ba ta san da su ba. Abin da sanyin asuba kan jawo daban ne. Idan iskar ƙasa ta yi sanyi, mai ɗumi da bushewa ta kwanta a kanta, igiyar takan lanƙwaso ƙasa fiye da yadda ta saba, sai ka ga duwatsu da garuruwan da ke can nesa sun bayyana a allo, rana na ɗagawa su ɓace.

Kafin a kai ga lissafi, akwai maganin da ake yi wa ƙarfen kansa, kuma shi ya fi araha. A ɗan ɗaga hancin eriya sama, ƙasa ta rage shiga. A dushe kunnen na'urar karɓa a daidai lokacin da amsar kusa ke dawowa, a riƙa buɗe shi a hankali yayin da ta nesa ke isowa, abin da ake kira STC. Dalilinsa lissafi ne mai sauƙi: idan nisan abu ya ragu da rabi, amsarsa tana ƙaruwa sau 16, don haka tsuntsu a kusa yana iya yin ƙarar jirgi a nesa. Sai zaɓin zango. Amsar ruwan sama tana hauhawa sosai idan zango ya gajarta. Tsakanin santimita 10 da santimita 3, bambancin ya haura sau 100. Shi ya sa radar da ke kula da jirage a kewayen filin jirgi take zama tsakanin gigahaz 2.7 da 2.9. Girman ɗigo ma yana da tasiri mai ban mamaki: ɗigon da ya ninka wani a faɗi yana amsawa sau 64, kuma kowa ya san irin ɗigon da ke sauka a Kaduna a farkon hadari. Akwai kuma dabarar harba igiya tana murɗawa kamar igiyar rijiya. Ɗigon ruwa, da yake kusan mulmulalle ne, yana maido ta da murɗin a juye, eriya ta ƙi karɓa. Jirgi mai kusurwoyi da fukafukai yana maido da gauraye, wani kaso ya shige. Ana asarar wani ɓangare na amsar jirgin, kuma manyan ɗigo sukan baje yayin faɗowa, dabarar ta rage ci a kansu. Duk da haka, a cikin ruwa mai ƙarfi cinikin yana da riba.

Yanzu ga ukun.

MTI ita ce tsohuwa, kuma ita ce mafi sauƙin fahimta. Ka harba bugu ɗaya, ka ajiye abin da ya dawo. Ka harba na biyu, ka ɗebe na farko daga cikinsa. Dutse bai motsa ba, amsarsa biyu iri ɗaya ce, ragowar sifili. Jirgi ya matsa ko da santimita kaɗan ne, igiyarsa ta dawo a wani mataki daban na hawa da saukarta, ragowar ta fito fili. A zamanin farko babu ƙwaƙwalwar ajiya irin ta yau, sai a mayar da amsar ta zama sauti a tura ta cikin bututu cike da zaiba, ta yi jinkiri har bugu na gaba ya iso. Wannan bututun ne daga baya ya zama ma'ajiyar wasu kwamfutocin farko, irin su EDSAC da ta fara aiki a Ingila a 1949. Yau layi biyu ko uku na rubutu a kwamfuta sun wadatar. Mai son ragi mai zurfi yakan haɗa bugu uku: na farko, a ɗebe ninkin na biyu, a ƙara na uku.

A kan rufin kwano da duwatsu, MTI tana aiki sosai. Amma tana da lahani uku, kuma duk mai zaɓarta ya kamata ya iya lissafa su da kansa. Mu ɗauki rada mai zango santimita 10 da ke harbi sau 1,000 a sakan. Wannan yana ba ta nisan kilomita 150 kafin amsar wani bugu ta shiga gurbin na bayansa. Idan jirgi yana nufo ta da gudun mita 50 a sakan, wato kilomita 180 a awa, tsakanin bugu da bugu zai matsa santimita 5 daidai, rabin zango ke nan, zuwa da dawowa zango guda cif. Igiyar ta dawo a matakin da ta dawo ɗazu, MTI ta ɗauke shi dutse ta share shi. Haka a kilomita 360, haka a 540. Wannan shi ne gudun makanta. Maganinsa a riƙa sauya saurin harbi. Idan ka cakuɗa 1,000 da 1,200, makantar ɗaya tana kan mita 50, 100, 150, ta ɗayar tana kan 60, 120, 180, ba za su haɗu ba sai a mita 300 a sakan, kilomita 1,080 a awa, gudun da jirgin fasinja mai shirin sauka ba ya kusantarsa.

Lahani na biyu ba ya jin wannan magani. Jirgin da ke gittawa, ba ya matsowa ba ya nesantawa, ba shi da sauyin Dofla a wannan ɗan lokacin, komai gudunsa. MTI za ta share shi har sai ya karkata.

Na ukun shi ne ya fi damuna a nan Kaduna. MTI tambaya ɗaya kawai ta sani: kana motsi ko ba ka yi? Ruwan da iska ke korawa da gudun mita 10 a sakan yana ba da haz 200 a waccan radar, kuma fiye da rabin tsayin igiyarsa zai shige ta ragin bugu biyu idan aka gwada da inda ta fi buɗewa. Inda ta fi buɗewar kuwa haz 500 ne, wanda ya yi daidai da motar da ke nufo radar da gudun kilomita 90 a awa. Wato direban da ya miƙe hanyar Zariya ya fi wani jirgin samun karɓuwa a wurinta. Daga Mayu zuwa Oktoba, rada mai MTI kaɗai za ta riƙa cika allo da hadari.

Rariyar Dofla, wadda ita ce zuciyar MTD, ta sauya tambayar zuwa: da wane gudu kake motsi? Maimakon bugu biyu, sai a tara takwas ko goma ko fiye, a rarraba amsar kowane gurbin nisa, wato kowane ɗan yanki na tazarar da radar ke hange, zuwa ramuka bisa ga gudu, kamar mai tankaɗe da rariya iri-iri, tsaki gefe, gari gefe. A ɗakin binciken Lincoln na jami'ar MIT a Amurka aka gina wannan tsari a shekarun 1970 domin hukumar jiragen saman ƙasar, kuma radar ASR-9 da ta bazu a filayen jiragensu da shi take aiki. Eriyarta tana zagayawa sau ɗaya a sakan 4.8, faɗin haskenta digiri 1.4, don haka kowane jirgi bugu kusan 18 kawai yake samu a zagaye ɗaya. Sai aka raba su gida biyu, goma da takwas, kowane gida da saurin harbinsa, don abin da ya ɓuya a ɗaya ya bayyana a ɗayan.

Mu koma radarmu ta misali. Ramuka takwas cikin haz 1,000, kowanne faɗinsa haz 125 ne, kusan mita 6 a sakan. Duwatsu suna faɗawa ramin sifili. Ruwan nan mai haz 200 yana cika rami biyu ko uku da ke kusa. Jirgi mai gudun mita 80 a sakan yana ba da haz 1,600, da yake ramukan a 1,000 suka ƙare sai ya naɗo ya bayyana a 600, ramin da ruwan bai kai ba. Suna wuri ɗaya a sararin sama, jirgin yana tsakiyar hadarin, amma a lissafi kowa da ɗakinsa. Akwai ƙarin riba: tara bugu da yawa yana ɗaga amsar jirgin a kan hayaniyar cikin na'ura, ƙaramin abu ya fito.

Ramin sifili ma ba zubar da shi ake yi ba, kuma wannan ne ɓangaren da na fi ƙauna. Ana ajiye taswirar tarkace: kowane gurbi na nisa da kusurwa yana da matsakaicin abin da ya saba dawowa daga gare shi a zagayen baya, ana sabunta shi sannu a hankali. Kamar tsohon mai gadi ne da ya san inda kowace ganga da kowane turmi suke a tsakar gida, ko cikin duhu ya ga inuwar da ba ta nan jiya sai ya miƙe. Jirgin da ke gittawa, wanda MTI ta share, taswirar tana kama shi muddin amsarsa ta fi abin da gurbin ya saba da shi. A kan babban dutse ba zai fito ba, a kan fili zai fito. Rauninta shi ne jinkiri: ranar da sanyin asuba ya jawo duwatsun nesa farat ɗaya, sai ta ɗauki zagaye da dama kafin ta saba da su.

Kuɗin rariyar Dofla yana cikin tsabtar na'ura. Dole agogon cikin radar ya tsaya daram daga bugu zuwa bugu, domin duk rawar da ya yi za ta sa dutse ya zama kamar yana motsi, ƙarfinsa ya malala cikin sauran ramuka. Dole kuma na'urar da ke mayar da sigina lamba ta iya ɗaukar ƙato da ƙanƙani a lokaci guda. Arduino Uno, ƙaramin allon kwamfuta da ɗalibai ke haɗa aiki da shi, bit 10 take da shi, wato tana raba sigina matakai 1,024. Katin sautin kwamfuta bit 16 ne, matakai 65,536, yana ɗiba sau 44,100 a sakan, kuma ɗalibi ya riga ya mallake shi. Radar gwangwanin kofi da aka koyar da ita a MIT a 2011 ta katin sauti take shigar da siginarta. Wutar da ke hawa da sauka, da caja mai arha, su ma suna shigo da nasu dattin. Batir ya fi.

CFAR kuwa, a nan ne ɗalibai suka fi ruɗewa, domin ba ta cire tarkace ko kaɗan. Shinge take kafawa, ta ce duk abin da ya haura shi a nuna, wanda bai haura ba a bar shi. Hikimarta ita ce shingen yana bin unguwa. Muryar da za ta tashe ka da tsakar dare a Unguwar Rimi ba za a ji ta ba da rana a Kasuwar Barci. Sai na'ura ta duba gurabun da ke gaba da bayan wanda take gwadawa, ta tsallake na jikinsa, ta ɗauki matsakaici, ta ninka da wani adadi. Finn da Johnson ne suka bayyana wannan salo a 1968. Yana hana allo cika da ƙararrawar ƙarya, amma cikin hadari shingen yana tashi sama, ƙaramin jirgi ya nutse a ƙarƙashinsa ba wanda ya sani. Allon ya yi fes, kuma wannan tsabtar ita ce abin tsoro. Yana kuma tuntuɓe a bakin hadari, inda rabin maƙwabta ke cikin ruwa rabi a waje, da inda jirage biyu suke kusa, babban ya ɗaga shingen ya rufe ƙaramin. Hermann Rohling ya kawo gyara a 1983: a jera maƙwabtan daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki wanda ke wajen kashi uku cikin huɗu na jerin, ƙato ɗaya ko biyu ba za su ja shingen ba. Don haka CFAR ba kishiyar sauran biyun ba ce. Bayansu take zuwa, kuma a MTD kowane rami da nasa shingen, na ruwa ya tashi, na jirgi ya zauna ƙasa.

Wani zai ce me ya sa ake wannan wahala, alhali akwai radar da ke tambayar jirgi a megahaz 1,030 ya amsa da kansa a 1,090? Gaskiya ne, dutse da ruwa ba sa amsawa a wannan zango, don haka tarkacensu ba ya shiga. Shirin TRACON na lulluɓe sararin saman Nijeriya da rada, wanda aka ƙaddamar a 2010 a ƙarƙashin NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar ƙasar, ya haɗa irin wannan da mai sauraron amsa-kuwwa. Ɗalibin da burinsa kawai ya ga jirage a taswira, ƙaramar na'urar kama rediyo ta RTL-SDR da eriya za su kamo masa saƙon ADS-B, wanda jirgi ke watsawa yana faɗin inda yake, a 1,090. Sai dai wannan hanya tana ganin wanda ya yarda a gan shi ne kawai. Jirgin da na'urarsa ta mutu, ko aka kashe ta da gangan, ko ƙaramin jirgi maras matuƙi, ko mai tsallaka katanga, ba mai amsa sallama a cikinsu.

To wanne? Idan tarkacenka gine-gine da duwatsu ne, abin da kake nema kuma mai sauri ne, lokacinka da kuɗinka kaɗan, ɗauki MTI ta bugu uku, ka cakuɗa saurin harbi, ka ɗora CFAR a baya. Za ka iya kare kowane layi a gaban masu jarrabawa. Idan na'urar za ta kwana a waje ta ga damina, ko abin da kake nema yana tafiya a hankali cikin ganye da tsuntsaye, rariyar Dofla da taswirar tarkace ba su da madadi, kuma ni a Kaduna su zan zaɓa. Mai farautar jirgi maras matuƙi ya san cewa ko wannan bai isa ba, domin gudunsa da girmansa na shirwa ne. Sai an dubi ƙananan sauye-sauyen da farfelarsa ke jawowa, waɗanda suka sha bamban da kaɗa fiffike. CFAR ita kaɗai, ba tare da komai a gabanta ba, ba na ba kowa shawararta sai mai gwaji a fili fetal.

Ga ɗalibina, akwai abin da ya riga duk wannan. HB100 igiya take zubawa ba tsayawa, ba ta auna nisa, don haka ba ta da gurabun da za a yi wa taswira; abin da ke tsaye kuma kafasita ɗaya ke tare shi tun a waya. Abin da ya rage masa tarkace mai motsi ne zalla. Muka yanke siginar gunduwa-gunduwa, rabin sakan kowace, muka rarraba ta ramuka, muka toshe siraran ramukan haz 50 da 100. Ganyen mangwaro yana kai da komo, ƙarfinsa a ramukan ƙasa-ƙasa yake taruwa kuma ba ya ɗorewa, mutum kuwa yana riƙe gudunsa taku bayan taku, sai muka sa sharaɗin sai gunduwa huɗu a jere sun haura shinge kafin ƙararrawa ta buga. Ya sauko da kwalin daga taga ya kafa shi ƙarƙashin baranda yana kallon ƙofar gida, indararo a bayansa.

"Malam, idan ɓarawon ya yi rarrafe a hankali fa?"

Na ce zai faɗa cikin ramukan ganye, wannan na'urar ba za ta raba su ba. Sai ya sami guntu mai auna nisa, irin na gigahaz 24 da ke sauya kaɗawarsa yana harbi, sannan bishiyar za ta zauna a gurbinta na mita shida, mai rarrafe kuma a gan shi yana sauya gurbi. Ya rubuta wannan a babin ƙarshe na rahotonsa, ya ce zai nema idan kuɗin ya samu.